Layin da Baba Ya Ja da Sanda

Zuwa ga Yaya Babba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali, ya kuma tsare mana ku a inda kuke. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, Gwaggo ta zo ta kwana huɗu ta koma. Baba yana nan yadda ka bar shi, ɓarin hagu bai saki ba, amma magana tana fita fiye da da.

Ka tambaye ni a waya yadda tseren ya kasance, na ce sai na rubuto, don a ranar in na buɗe baki zagi ne zai fito. Har yanzu ma raina a ɓace yake. Wata takwas na yi ina shiri da takalman da ka aiko mini, kullum da safe kafin in buɗe shagon ɗinki. Ba kofi nake nema ba, ni da na ba arba'in baya ina ni ina kofi? Don Baba na yi. Shekara talatin yana koyar da motsa jiki, yana hura wa 'ya'yan mutane usur, a cikin nasa ba wanda ya taɓa yin tsere a gabansa. Da na gaya masa na yi rajista, sai ya sa aka ciro tsohon agogonsa na auna gudu daga ƙasan akwati, ya ce da hannunsa zai danna mini in na tsallake layin ƙarshe. Mutumin da ya shekara biyu bai leƙa ƙofar gida ba!

An ce ƙarfe bakwai za a tashi. Tun shida ni da maman yara muka tura Baba a kekensa na marasa lafiya zuwa filin tseren, muka samo masa wuri a ƙarƙashin rumfa. Ba a tashi ba sai tara da kwata, wai ana jiran babban baƙo. Lambar da ake maƙalawa a ƙirji ma an raba ta ba fil, sai ni na fito da allura da zare na dinga kafe wa mutane a riga. Kilomita ashirin da ɗaya fa za a yi, amma teburin ruwa na farko kofuna kawai muka tarar an jera, ko ɗigo babu. A hanya ba kibiya, ba allo, ba mai nuni. Cewa aka yi mu bi wani mai babur da aka ɗaura wa jan ƙyalle.

To, muka bi shi. Wajen kilomita goma sha biyu ya karya kwana, mu kusan talatin muka rufa masa baya, muna haki, muna ta mamakin yadda hanya ta cika da motoci. Yaya, ka san ina ya kai mu? Gidan mai! Ashe mansa ne ya kusa ƙarewa, bai ce wa kowa uffan ba ya tafi nema. Da ya tsaya ya waiwayo ya gan mu, har yana da bakin tambayar mu me muke yi a nan. Wallahi ba don numfashina ya ƙare ba, da sai an raba mu. Haka muka juya muna tambayar masu shaguna hanya, kamar baƙi a garinmu.

Sai bayan sha biyu na shigo filin. An sauke ƙyallen layin ƙarshe, ana loda kujeru a mota, babban baƙo ya daɗe da tafiya, lambobin yabo an rabe su tas. Na sami shugaban shirin yana shan lemo mai sanyi, ya ce in yi haƙuri, harkar wasa ta gaji haka. Ni ba wannan ne ya ƙona mini rai ba. Masu rumfa sun kwance ta a kan Baba, suka bar tsoho mara lafiya a tsakiyar rana, ba wanda ya dube shi. Maman yara ta ce ta yi ta roƙonsa su koma gida, ya ƙi, ya ce agogo yana tafiya, ɗansa yana hanya.

Da ya hango ni, sai ya miƙa sandarsa da hannun dama ya ja layi a ƙasa, a karkace, a gaban kekensa. Na tattaro sauran ƙarfina na ruga na tsallake shi, ya danna agogon. Ya daɗe yana duba shi, sannan ya ce lokacin ba abin nuna wa mutane ba ne, amma dai ya gani da idonsa. Na durƙusa a gabansa, kuka ya ƙwace mini.

Ka gaida mini da Anti da 'yan biyu. Inna da maman yara duk suna gaishe ku. Agogon yana nan a gefen matashin Baba, a tsaye a kan awa uku da minti bakwai, ya hana kowa ya taɓa. Ya ce a bar shi haka sai ka zo ka gani.

Naka ƙaninka,
Auta