Simintin makewayin Iya ya koma dakalin Yaya

Assalamu alaikum Malam Edita, da duk masu karanta wannan shafi. Ina roƙonka ka buga wasiƙar nan amma ka ɓoye sunana, don a Haɗeja in an ji sunan mutum an san gidansu har kakansa. Ku yi haƙuri da rubutuna, shekara biyu ke nan da shigata ajin yaƙi da jahilci, da furfurata na fara riƙe fensir. Don Allah ku ba ni shawara, raina a ɓace yake, kuma kwana shida suka rage mini.

Sana'ata banda, ina sayen kifi a hannun masunta in ƙyafe in kawo kasuwa. Gida ɗaya muke da wana, ina ce masa Yaya, shi ne maigida tun rasuwar mahaifinmu, ba mu raba gandu ba. Mahaifiyarmu Iya tana da rai, ta tsufa, gwiwoyi sun ƙi, da sanda take tafiya. Makewayin gidan yana can baya inda ƙasa ta yi kwari. Wanda ya san garinmu ya san in kogi ya kawo, ba sai ruwa ya shigo ta ƙofa ba, ta ƙarƙashin ƙasa yake biyowa, masai ya cika, azarar da aka shimfiɗa a bakinsa ta ruɓe. Bara da damina Iya ta shiga kewayawa, daɓen ya burma da ita, ƙafa ɗaya ta shige har cinya. Matata ce ta ji ihunta ta jawo ta. Wata biyu tana kwance. Tun ranar a kasko take biyan bukata cikin ɗaki, matata tana fitarwa, in an zo ɗauka sai Iya ta juya fuskarta bango. Wannan juya fuskar ita ta hana ni sukuni.

Na kira magini ya duba. Ya ce daɓen ƙasa ba zai ƙara zama a wurin ba, sai an haƙa sabon masai a gefen tudu, a ɗaga bakinsa, a rufe da siminti, a yi rariyar da za ta fitar da ruwan wanka waje. Na zauna na rubuta a bayan littafina na aji: siminti buhu uku, azara shida, ladan magini da mai haƙa, hayar jaki. Duka ya kama fam uku da sule bakwai. Na kai wa Yaya na karanta masa, ya ce to, Allah ya ba da iko. Ko anini bai miƙo ba. Na daina cin goro, rigar salla ban ɗinka ba, matata ta sayar da tunkiyarta ta ƙara mini. Da kuɗin suka cika na tafi kanti a garin Malam Madori na sayo simintin, jaki ya kawo.

Ga inda na yi wauta. Al'adarmu, abin da ya shigo gidan gandu maigida ake kai wa ya sa albarka, kuma ɗakin Yaya ne kawai mai rufin kwano. Sai na jibge buhunan a can, na tafi garin Baturiya sayen kifi don lokacin kamunsa ya yi, da niyyar in na dawo a fara aiki. Kwana ashirin na yi. Da na shigo unguwa na hango ƙofar gidanmu tana sheƙi. An shafe fuskar zaure da siminti, an gina dakali dogo, Yaya yana kai da abokan hirarsa, har da mai miƙe ƙafa. Ɗaya daga cikinsu ya ce mini barka, gidanku ya zama na Bature.

Na jira suka watse, na durƙusa na gaishe shi, na ce Yaya ina simintin Iya? Ya ce ga shi nan ina kallo. Wai shi bai taɓa jin mahaukacin da ya zuba siminti a wurin kashi ba, mutuncin gida a ƙofa yake, baƙo zaure yake gani ba masai ba. Na ce to ai Iya ba baƙuwa ba ce. Ya ce tun da na koyi a, ba, ca na fara yi masa lissafi kamar akawun haraji, wai Malam Boko. Ya ce ubanmu da ƙasa ya yi nasa har ya koma ga Allah, in kwaɓa ƙasa in daɓe. Wallahi shekarata hamsin ban taɓa ɗaga masa murya ba, ranar ma ban ɗaga ba. Iya da ta ji, cewa ta yi in yi haƙuri, babba ne, ita ta saba da kaskon. Wannan maganar ta fi ta Yaya ƙona ni.

Shekaranjiya duba-gari ya shigo unguwa. Ya ga ramin a buɗe, ƙudaje sun yi baƙi a kai, ya rubuta sammaci da sunan maigida: in ba a gyara cikin kwana takwas ba, ya bayyana gaban alƙali. Yaya ba ya nan, aka bar takardar wajen iyalinsa, su ma ba su san me ta ƙunsa ba. Da ya dawo, shi mai ce mini Malam Boko, ya miƙo mini ya ce me aka ce a nan? Na karanta a zuciyata tsaf, na gane kowace kalma. Sai na ce masa rubutun akawu ne, ya yi mini ƙanana, sai na kai wa malaminmu. Ƙarya na yi, kuma ban taɓa yi masa ba. Takardar tana aljihuna yanzu haka.

In na yi shiru ranar za ta wuce, ɗan doka ya zo ya tasa shi gaba daga kan dakalin nan, a gaban abokan hirarsa, a ci shi tara. Ba zan ɓoye muku ba, wani ɓangare na zuciyata yana son ganin haka. Amma ɗan Iya ne, in ta ji an kai shi gaban alƙali ban san abin da zai same ta ba. In kuma na karanta masa, na san Yaya, cewa zai yi to ka ji, sai ka gyara. Ke nan in karya jarin kifina in sake sayen siminti, shi yana zaune a kan na farko, ni da 'ya'ya biyar mu shiga damina hannu wofi. Matata ta ce mu raba gandu mu ɗauke Iya, Iya ta ce gawarta ce za ta bar gidan mijinta.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas, in ruwa ya sauka ba mai iya haƙa a garin nan sai baɗi. 'Yan'uwa, in karanta masa ko in bar shi da ɗan doka? In kuwa na karanta, ta wace hanya ƙane yake sa wansa ya biya abin da ya ci, ba tare da uwarsu ta yi kuka ba?

Wassalam. Naku, wani mai banda a Haɗeja.