Tozon Babban Namiji

Asabar, 4 ga Mayu, 2024

An binne Yaya Abdulbasit jiya a Abaji, kusa da Baba. Yana ɗaure takalmi ya dafe ƙirji, shi ke nan. Bai kai hamsin ba. Baba ma bai kai ba. Masu gaisuwa sai cewa suke, “Lafiyarsa ƙalau fa!” Haka ne. A gidanmu maza da lafiyarsu suke mutuwa.

Ban yi kuka ba. Na raba ruwa.

Juma'a, 10 ga Mayu

Sadakar bakwai, an yanka sa. A gidanmu duk ranar yanka babban namiji ake ajiye wa tozo, kitse zalla, a farantin Baba mai bakin shuɗi. Inna ta ɗauko farantin, ta tsaya kamar ta manta hanya, sannan ta ajiye shi gaban ƙanena Sale. Shi kaɗai ya rage mana. Kawunnai suka ce Allah ya taya riƙo. Ya cinye tas, har da suɗe yatsa.

Ni na ga naɗin sarauta. Sarautar ce ba a daɗewa a kai.

Laraba, 15 ga Mayu

Na biya wajen Christina, tun jami'a muke tare, yanzu likitar zuciya ce. Ta ce akwai 'yan sauye-sauye a ƙwayoyin gado da ke sa jijiyoyin zuciya saurin toshewa, kuma ciwon yakan riski maza da wuri. Ba hukunci ba ne, in ji ta, haɗari ne ya ƙaru. Da magani da kula da ci ana rage shi sosai.

“Uba da ɗa? Hafsah, kawo ƙanin naki a duba jini. Kar ki yi wasa, kina ji?”

Na ce ni da wasa mun rabu tun firamare.

Litinin, 20 ga Mayu

Na samu Sale a sitonsu na Idu yana yi wa direbobi tsawa, kowa oga, oga. Na yi masa bayani tiryan-tiryan, kamar ina gaban darakta a ma'aikata.

“Yaya Farfesa kenan. In a jini yake, to me gwaji zai cire? Ki bar ni in mutu ban sani ba, ya fi daɗi.”

Ya yi dariya. Hawa bene zuwa ofishinsa ya tsaya a tsakiya, wai yana duba waya. Wayar a juye take.

Alhamis, 30 ga Mayu

Inna ta aika masa rubutu a gora. Ya sha. Takardar asibiti ce dai rashin tawakkali.

Asabar, 8 ga Yuni

Na yanke shawara ba zan zama matar nan mai naci ba. Baligi ne, yana da gemu da 'ya'ya. Na faɗa, na fita.

Abin da ke ba ni haushi: jinin nan ni ma ina ɗauke da shi. Ba wanda ya taɓa ajiye min faranti, shi ya sa wataƙila zan tsufa in binne kowa.

Lahadi, 16 ga Yuni

Babbar Sallah a Abaji. An haɗa an yanka sa kamar kullum. Farantin shuɗi ya fito.

Ban shirya ba, wallahi. Na ga kaina na ratsa tabarmar maza, na durƙusa, na ja farantin na fara ci. Ni da ko fatar kaza ba na taɓawa. Wani kawu ya ce boko ta haukata 'yar nan. Kitsen ya daskare min a dasashi, na haɗiye har lomar ƙarshe.

Sale ya dube ni, bai yi dariya ba. “Yaya, da kin ce kina so ai da na sam miki.”

Na yi amai a bayan gida. Inna ce ta riƙe min ɗankwali. Ba ta yi faɗa ba. Da ta wanke farantin ban ga inda ta ajiye shi ba, ba ya cikin kwanuka.

Alhamis, 20 ga Yuni

Bai je wajen Christina ba. Bai ce ba zai je ba.

Na kira shi da safe, kamar jiya da shekaranjiya. Wayar ta daɗe tana ƙara, na miƙe tsaye ban sani ba. Da ya ɗauka na ce lambar makanikinsa nake nema.

Motata lafiyarta ƙalau.