Na Ce Ɗana Ƙwayoyi Yake Haɗawa

Assalamu alaikum, masu wannan shafi da masu karatu. A sakaya sunana, kuma don Allah a ji ƙarshen maganata kafin a yanke mini hukunci.

Ni dattijo ne a Durun. Matata ta rasu, ɗana ɗaya ne, yana karatu mai zurfi a ƙasar waje. Zan faɗi abin bi da bi. Da farko na tambaye shi a waya, "Wai mene ne aikin naka?" Ya ce, "Baba, ƙwayoyin zarra nake haɗawa, ƙananan abubuwan nan da komai ya ginu da su. In aka ƙulla guda biyu, ko an nisanta su, da ka auna ɗaya ka san halin ɗayar. Amma ɗan zafi ko motsi daga waje sai ƙullin ya warware. Aikina shi ne in hana shi warwarewa." Na ce na gane. Wallahi ban gane ba.

Bayan wannan, a wajen wani suna a Gammo, Alhaji mahaifin yarinyar da ɗana zai aura ya ce, "Malam, me yaron namu yake yi a can?" Na ce, "Ƙwayoyi yake haɗawa." Kalmar zarra ta ɓace mini ɗungurungum. Wani ya fashe da dariya ya ce, "To, Allah Ya tsare shi daga hukuma!" Na ga fuskar Alhaji ta canza. Me ya hana ni gyarawa nan take? To in ce me? A nemi ƙarin bayani a gaban jama'a, ni da ake shakkar yi wa musu, in yi tsuru-tsuru? Na ɗaure fuska na tashi.

Yanzu har Gwarzo ana cewa ɗana dillalin ƙwaya ne. Alhaji ya aiko a dakata da sa rana. Tabarmar ƙofar gidana, ni kaɗai nake zama a kanta bayan la'asar. Ranar Juma'a ɗana ya kira, kamar yadda ya saba duk mako, ya ce, "Baba, yarinyar nan ta daina ɗaukar wayata, ko ka ji wani abu?" Na ce ban ji ba.

Yana can yana tsare ƙwayoyinsa daga motsin waje, ga ubansa nan ya warware masa ƙullin da ya fi so. In na yi shiru, aure ya tafi. In na faɗa masa, ina tsoron wayar Juma'ar nan, wadda ita kaɗai ta rage mini, ta daina shigowa. Jama'a, me zan yi?