Ranar da Malama Ta Goya Ni Zuwa Rawayya

Daga ƙanwarki Hauwa'u a Bunguɗu, zuwa ga Yaya Hanatu a Zariya. Gaisuwa mai yawa da ladabi. Allah ya ƙara miki lafiya, ya raya yara. Inna ta samu sauƙin ƙafarta, gero kuma ya yi kyau bana.

Bayan haka, Yaya, da kunya na ɗauki alƙalamin nan. Takardar da na aiko miki kafin azumi, inda na ce Malama Shafa'atu ta mai da mu bayi a makarantarta ta matan aure, ban yi mata adalci ba. Gaskiya ne ba ta buɗe littafi sai mun ɗebo ruwa a rafi, mun kewaye turame muna lugude, muna bitar karatun jiya a kan bugun taɓarya. Takan ce jikin da ya saba da tabarma ba ya riƙe karatu. Abin da na ɓoye miki shi ne, ni ban taɓa yi ba. Ciwon baya na ƙirƙira, in raɓe gindin tsamiya da takardun ƙissoshin da maigidana Malam Rabi'u ya kwafo mini, ina ganin kaina ɗaya daga 'ya'yan sarakunan ciki, waɗanda ba a taɓa cewa sun yi gumi ba. Alhali Luba abokiyar karatuna, wadda a da ba ta iya ɗaukar tulu sai da haki, yanzu ita ke gaba, haddarta ma ta wuce tawa.

Ranar Talata muka tafi ta'aziyya Rawayya a ƙafa. Ba mu yi rabin hanya ba idona ya rufe, na zube cikin gonar mutane. Malama, wadda ta girmi Inna, ta kwance mayafinta ta goya ni. Haka muka shiga gari, ƙafafuna na jan ƙasa, matan gidan makoki na tambaya ko wata gawar aka kawo. Luba ta ce musu a'a, gimbiyarmu ce, dokinta ne ya tsufa. Kowa ya yi dariya, ban da Malama. A hanyar dawowa ta ce mini ta ji labarin abin da na rubuta miki, in Rabi'u ya cire ni ba za ta riƙe ni a zuciya ba.

Yaya, amsarki da kika ce ya cire ni daga makarantar ta riga ta iso hannunsa, ya ce ba zai tsallake maganar babbar yaya ba, bayan Sallah zan daina zuwa. Don Allah ki sake rubuto masa ta hannun fataken goro, ki ce ƙanwarki ce ta yi ƙarya. Ki faɗa da sunana, na yarda.

Ki gaida Malam Sahabi, da Dije, da Adamu. Ki yi haƙuri da karkacewar rubutun, kwana uku ke nan ina riƙe da taɓarya, tafin hannuna duk ya yi bororo.

Wassalamu. Taki, Hauwa'u.