Bututun Markaɗen Gyaɗa

Yaya Sule,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki? Yaya ƙafar taka, yaya iyali da ruwan Fatakwal? Mu nan Kwanyawa lafiya lau.

Labarin ɗanka Nasiru zan ba ka. Injin markaɗena ya riƙa cushewa a bututu, har mata suka fara kai gyaɗarsu Rogo. Ni kuwa kullum dirje bututun nake da toka da yashi, a zatona datti ne.

Da Nasiru ya zo hutu daga jami'a, ya tsuguna yana zane a ƙasa. Ya ce, "Gwaggo, markaɗe ba ruwa ba ne. Ba ya motsi sai an tura shi da ƙarfi, sannan ya tafi a dunƙule, yana sulɓi a kan man da ke jikin ƙarfen. Tsabtarki ce ke cinye man." Ashe lissafin da yake karantawa ke nan! Ya shafe cikin bututun da man gyaɗa, muka tayar da injin, sai ga markaɗe yana zubowa sumul.

A sa mu a addu'a, a gaida Yaya Asabe. Kai kuma da ka ce karatun nan ba zai amfani ƙauye ba, ka sa wa yaron nan albarka.

Ƙanwarka,
Hajara