Darasin Hafsatu a Hannun Mai Tsire

Zuwa ga aminina Malam Lawal,

Assalamu alaikum. Na san wannan takarda ba za ta iske ka ba. Ko kana raye ma ba lallai ka karanta ta ba, tunda babu lissafi a ciki. Amma sai na rubuta, don haushinka nake ji, kuma duk wanda na gaya wa haka a nan unguwar Sabo ta Ibadan cewa zai yi in nemi gafara.

Ga labarin gida. 'Yarka Hafsatu ta faɗi darasin lissafin nan na jami'a da suke kira diskirit, wanda ka ce a kansa aka gina karatun kwamfuta gaba ɗaya. Saura mata dama ɗaya. In ta sake faɗuwa, za a cire ta daga sashen. Kai ka cusa mata son karatun nan, kai ka ce in ta kai wurin za ka zauna da ita. To, ta kai. Kana ina?

Shekara da shekaru kana koya wa 'ya'yan mutane "idan kaza, to kaza". Ka zuba goro a tabarma ka ce unguwanni ne, ka jera tsinken tsire ka ce hanyoyi ne, ka hana mu hira sai mun nemo yadda za a zaga daga unguwar Mokola a dawo ba a maimaita hanya ba. Amma da likita ya gaya maka abin da zai biyo baya idan ka ƙi shan maganin hawan jini, sai ka ce kai sai ka ga hujja. Ai mun gani. Mu muka ɗauki hujjar a kafaɗa zuwa maƙabarta.

Yanzu ga nawa laifin. Bayan sadakar arba'in, mai ɗakinka ta ba ni aikin tace takardunka, wai ni ne mai karatu. Ka san yadda muke yi: duk mai rubutun Larabci a ware ta, kada sunan Allah ya taɓa ƙasa, saura kuwa boko ne. Na ware na warewa, na cika buhu da sauran na ba Ɗan'asabe mai tsire. Tsofaffin takardun jarrabawar ɗalibai na gani, ban juya bayansu ba. Amma fisabilillahi, wane irin mutum ne zai rubuta wa 'yarsa littafi guda a bayan jarrabawar wasu, ba bango, ba suna, bai gaya wa kowa ba? Me zai rage ka da ka ce mini kalma ɗaya?

Makon jiya na sayi tsire, na warware takarda, sai ga rubutunka. Darasi na goma sha huɗu, don Hafsatu. Tattabaru goma, akurki tara, dole biyu su kwana wuri ɗaya. Mai ya cinye ƙarshen bayanin. Na koma da gudu, ni da gwiwar nan tawa, na kwaso abin da ya rage. Bai kai rabi ba. Sauran kuwa, mutanen Ibadan sun lashe yajin sun yar da su a kwata.

Don haka kullum bayan la'asar, ni da na tsufa a kan littattafan tarihi, ina durƙushe da goro da tsinke, ina cike giɓin da ka bari, Hafsatu tana gyara ni. Ta ɗauka ajiya ka ba ni. Jiya ta shinshina wani shafi ta dube ni, ta ci gaba da karatunta. Idan ta fito daga jarrabawa zan gaya mata gaskiya. Kafin nan ba zan ɗora mata ba, naka ma ya ishe ta.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka. Na yafe maka komai ban da maganin nan.

Ɗalibinka na dole,
Garba