Mijina Zai Rabu da Macijinsa Saboda Mahaifina

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara kafin ƙarshen makon nan. Duk wadda na kai wa kukana sai ta yi dariya ta ce ai ni ce da riba, ni kuwa abin ya hana ni sukuni.

Mijina mai gyaran firji ne, kuma yana kiwon maciji. Na san kin ja da baya, ni ma haka na yi ranar da ya shigo da shi. Irin masu cin ɓeran nan ne, ba shi da dafi, sai dai jinsinsa ba kasafai ake samu ba. Asalinsa na duwatsu masu sanyi ne, amma a hannun masu kiwo aka ƙyanƙyashe shi, da takardunsa. Anti, ban taɓa ganin halitta mai kyansa ba. Jikinsa ruwan toka, an jera masa ɗigon rawaya tun daga wuya har wutsiya, kowane ɗigo an kewaye shi da baƙi kamar aikin gwanin ɗinki. Ga kunya. Yara suka sa masa Ɓoyau, don sai ya yi kwanaki cikin ƙasar akwatinsa ba a ga ko kansa ba. Ƙanwata cewa take akwatin ƙasa muke kiwo.

Zafi ne ajalin wannan jinsin, shi ya sa akwatin gilashinsa ke ɗakin baya, wanda rana ba ta taɓa shi. Duk gidan babu inda ya kai nan sanyi.

Bari in gaya miki abin da macijin nan ya yi mini. Da, maigidan akwai zuciya. Zai dawo daga shago da haushin masu kawo gyara, ya buga ƙofa, yara su shige lungu. To shi Ɓoyau in aka yi hayaniya sai ya ƙi cin abinci. Dole maigida ya koyi rufe ƙofa a hankali. Yana dawowa zai wanke hannu, ya duba ma'aunin zafi, ya fesa wa ƙasar ruwa, ya zauna. Mutumin da ba ya iya jiran shayi ya huce, na gan shi riƙe da ɓera a bakin matsefi, bai ko motsa ba, har sai da maciji ya ga dama ya fito. Yanzu a gefensa yara ke aikin makaranta. Wallahi ƙaunarsa ƙaruwa take a raina duk lokacin da na leƙa ɗakin.

Yanzu ga matsalar. Mahaifina ya yi jinya, za a sallame shi, kuma wurinmu zai dawo. Likita ya ce a ba shi ɗaki mai sanyi, mara hayaniya, mara matakala. Ban ma buɗe baki ba maigida ya ce ɗakin baya na Baba ne. Da kansa ya yi fenti, ya kafa ƙarfen dafawa a banɗaki. Na yi kukan daɗi. Sai daga baya na ji ya yi magana da wani mai kiwo a wani gari, zai zo ƙarshen makon nan ya ɗauke Ɓoyau gaba ɗaya.

Na ce masa shi da yake tayar da mataccen firji, zai kasa haɗa wuri mai sanyi a ɗakinmu? Ya ce ba sanyi ne damuwar ba. Da na matsa, sai ya ce Baba dattijo ne mai mutunci, ya ba shi 'yarsa lokacin da ba shi da komai sai jakar kayan aiki, ba zai iya haɗa ido da shi a kan maciji ba. Dama maƙwabta gardi suke kiransa, wasu ma har raɗa suke yi wai na tsafi ne. Baba bai taɓa sani ba, in ya zo ziyara ɗakin a kulle yake. Kuma maigida ya roƙe ni kada in faɗa masa.

Tun ranar yakan daɗe a gaban akwatin. Ina tsoron in gaya wa Baba jininsa ya hau, ina tsoron in yi shiru a tafi da macijin, mijin da na samu ya bi shi. Yaya zan yi?

Matar mai gyaran firji

Ƙanwata,

Ni ko tsaka na gani a bango sai na sauya ɗaki, amma kin sa na ji ina son ganin Ɓoyau, daga nesa. Mijinki kuwa ya burge ni, ki gaya masa.

Yana da gaskiya a abu biyu. Ɗakin na Baba ne, babu ja. Kuma bai kamata mara lafiya ya gano da maciji a gida ta bakin jika ko maƙwabci ba. Inda ya kuskure shi ne ya yanke hukunci a madadin Baba bai tambaye shi ba. Kunyar suruki abu ne mai kyau, amma ta sa ya ɗauka dattijon ba zai fahimta ba, alhali bai gwada ba.

Kada ki zagaya ta bayansa ki faɗa, tunda ya roƙe ki. Ki zauna da shi ki nemi abu ɗaya: ya dakatar da mai zuwa ɗauka. Ku tambayi likitan Baba lokacin da ya dace a yi maganar, sannan ku je tare tun kafin a sallame shi. Maigida ne zai yi bayani da bakinsa, ya nuna hoto da takardu, ya faɗa cewa ba shi da dafi kuma a kulle yake.

In Baba ya amince, akwatin ya koma ɗakinku da makulli mai kyau, ku nemi likitan dabbobi ya duba sanyin sabon wurin. Matattun ɓerayen da ake ba shi su samu nasu ƙaramin firji, nesa da abinci. A riƙa wanke hannu sosai, don irin waɗannan dabbobin suna ɗauke da ƙwayoyin cutar da mai jinya ba zai jure ba. In kuma Baba ya ce ba zai iya barci a gida ɗaya da maciji ba, to magana ta ƙare, kada ki yi gardama. Sai a ba mai kiwon amana, da sharaɗin za a iya ziyarta, a kuma karɓo in hali ya yi.

Batun tsoronki kuwa, ki kwantar da hankali. Haƙurin nan ya riga ya zama nasa, ba a cikin akwati yake ba. Ba maciji ne ya yi fentin ɗakin nan ba.

Ko yaya ta kaya, kada ku ɓoye wa Baba abin da surukinsa ya yi niyyar rabuwa da shi don ya samu barci. Uban da ke kwance yana tunanin hannun da zai bar 'yarsa a ciki, wannan labarin zai yi masa amfani.

Allah Ya ba Baba lafiya, Ya bar ku tare.